Zanen gado mai azurfa ko tankin ruwa? Muhawara a zauren ƴan unguwa na Damagaram

Sakataren ƙungiya: Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da dare. Shawara nake nema, kuma ina roƙon masu aikin asibiti da ke cikin zauren nan su yi magana, kada su ji nauyina. Kun san kuɗin da ƙungiyar unguwarmu ta tara tun bayan azumi, har da gudummawar ƴan uwanmu na Yamai da Agadas, don a gyara ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitin da matanmu ke zuwa. Gado 8 ne a ɗakin. Jiya wani ɗan kasuwa mai sayo kaya daga Kano ya kawo mini samfurin wani yadi, fari tas, mai ɗan santsi. Ya ce an saƙa shi da azurfa a cikin zaren, duk ƙwayar cutar da ta sauka a kansa mutuwa take yi. A jikin ledar an rubuta cewa yana kashe 99,9% na ƙwayoyin cuta. Kuɗinsa ya kusa ninka na zanen gado na yau da kullum sau uku. In muka saya, abin da ke hannunmu zai ƙare a kai.

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta karkata gare shi. Bara aka yi wa ƙanwata aiki aka ciro yaro, a wani asibitin da ba zan ambaci sunansa ba. Aiki ya yi kyau, muna ta murna, sai a kwana na 5 ɗinki ya fara ruwa, wuri ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ta. Wata guda da rabi muna jinya, sai da aka sake buɗe ciwon. Na ga zanen da take kwance a kai da idona. In akwai yadin da zai hana wata ƴar uwa shiga abin da ta shiga, ina so mu saya.

Hajiya sajfam: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara mata lafiya, ya raya abin da aka samu. Tambaya ɗaya kafin kowa ya ce wani abu: ka ɗaga zanen ka ga katifar?

Sakataren ƙungiya: Na gani Hajiya. Ledar ta tsage a tsakiya, soso ya fito, ya yi baƙi.

Hajiya sajfam: To, can ciwon yake. Shekara 19 ina karɓar haihuwa. Mace na haihuwa, jini da ruwan mahaifa su bi ta tsagar nan su shige soso. Soso ba ya wankuwa. Ka goge sama da jabel, ka shimfiɗa sabon zane, wata ta zo ta kwanta, nauyinta ya matse sosan, abin da ke ciki ya dawo sama. Ko zanen zinariya ka shimfiɗa a kan wannan katifar, danshin zai ratso shi. Ni da za a tambaye ni, a fara ɗinke katifu 8 ɗin nan da leda mai kauri wadda ba ta shan ruwa.

Ɗalibin likita: Hajiya ina gaisuwa. Maganarki dutse ce, amma kada mu yi watsi da yadin nan kamar ƙarya ce zalla. Azurfa tana kashe ƙwayar cuta, wannan tsohon sani ne. Tun wajen 1881 wani likitan Jamus mai suna Credé yake ɗiga ruwan azurfa a idon jarirai don hana makanta. Man shafawar da ake sa wa mai ƙuna, Flammazine, azurfa ce a ciki. Jan ƙarfe ma haka, hukumar kula da muhalli ta Amurka ta yi masa rajista a 2008 a matsayin abin da ke kashe ƙwayoyi in sun sauka a kansa. Ƙarfen yana sakin wasu ƙananan ƙwayoyi da ke huda fatar ƙwayar cutar, su lalata mata abin da take numfashi da hayayyafa da shi. Kuma tufafin asibiti suna ɗaukar cuta sosai. A jami'ar Iowa an rataya sabbin labule 13 a ɗakunan majinyata, kafin mako ya cika 12 sun kwashi ƙwayoyi. An buga wannan a 2012.

Mai labo: Ƙanena, duk abin da ka faɗa haka yake. Amma bari in gaya wa Sakatare daga ina 99,9% ɗin nan ta fito, don irin aikina ne. Ana yanko ɗan ƙyalle sabo fil, wanda bai taɓa ganin wanki ba. A ɗiga masa ruwa mai ƙwayar cuta iri ɗaya ko biyu, a rufe shi a kwalba don kada ya bushe, a sa a ɗumin digiri 37 na awa 18 zuwa 24. Sannan a ƙirga abin da ya saura, a gwada da ƙyallen da ba magani. A wannan yanayin, ƙwarai, zai kashe. To gadon ɗakin haihuwa fa? Jini ne, da zufa, da madarar nono, da ƙurar hunturu. Jini da majina suna lulluɓe azurfar, su rage mata ƙarfi. Sannan hannun da ya taɓa zanen yanzu, cikin minti ɗaya ya taɓa ciwo, ba ya jiran awa 18.

An gwada abin a asibiti na gaske. A jami'ar Duke ta Amurka an ba ma'aikatan jinya 40 na ɗakin masu matsanancin ciwo riguna iri uku, ɗaya mai azurfa, ɗaya mai wani sinadarin daban, ɗaya rigar aiki kawai. Kowa ya yi aikin awa 12 da kowace riga, ba tare da ya san wacce ya sa ba. Da aka auna a ƙarshen aiki, masu maganin ba su fi ta yau da kullum tsabta ba. A 2017 aka fitar da sakamakon.

Ɗalibin likita: Yaya, amma akwai gwajin da aka yi a jihar Virginia ta Amurka, inda aka sa zannuwa da kayan ɗaki masu jan ƙarfe, kuma aka ga kamuwa da cuta ta ragu sosai.

Mai labo: Na san shi. Sabon ɓangaren asibiti ne aka gwada da tsoho. Sabon gini, sabbin gadaje, komai sabo. Wa zai ware maka rabon zane daga rabon ginin? Ban ce yadin ba ya yin komai ba. Na ce hujjar da ke ƙasa ba ta kai mutum ya zuba duk kuɗin talakawa a kai ba.

Baba Majo: Salamu alaikum ƴaƴana. Na karanta duka. Ni na ajiye aiki, amma na yi shekaru ina riƙe da ɗakin marasa lafiya a garin nan da ƙauyukan Mirriya da Magarya. Sakatare, tambaya zan yi maka. A ɗakin haihuwar nan, famfo yana kawo ruwa kullum?

Sakataren ƙungiya: A'a Baba. Da zafi ya shigo, sai a yi kwana biyu uku ba ɗigo. Masu jinya ke sayen bido wajen ƴan garuwa.

Baba Majo: Kowa ya san Damagaram da ƙishirwa, garin dutse ne, ba yau aka fara ba. To ka duba. Sajfam ta gama da mace ɗaya, ga ta biyu tana naƙuda a gado na kusa, buta babu ruwa. Me za ta yi? Ta sauya safar hannu in akwai, ta wuce. Ba ganganci ba ne, na tsaya a wurin, na san yadda abin yake a ƙirji. Hukumar lafiya ta duniya ta faɗa a rahotonta na 2022 cewa cikin majinyata 100 da aka kwantar, 7 ne ke kamuwa da wata cutar a asibiti a ƙasashe masu arziki, a irin ƙasashenmu kuwa 15. Kuma cikin 10 da suka kamu, 1 ba ya tashi. Bambancin 7 da 15 ɗin nan ba zanen azurfa ya kawo shi ba, don su ma yawancin asibitocinsu zanen auduga suke shimfiɗawa. Ruwa gare su, da sabulu, da gidan wanki.

A makarantar koyon jinya an karantar da mu labarin likita Semmelweis na birnin Biyena. A 1847 mata masu jego suna ta mutuwa da zazzaɓi a ɗakinsa, a wani watan kusan 18 cikin 100. Ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa mace. Cikin ƴan watanni mutuwar ta dawo wajen 2 cikin 100. Bai sauya gado ba, bai sauya zane ba.

Infirmiya a Faransa: Ina gaida iyayena da yayyena. Baba ya faɗi gaskiya. Inda nake aiki zanen auduga da roba-roba ne, ba magani a jikinsa. Abin da ke akwai shi ne tsari. Zane mai datti ba ya taɓa ƙasa, ba a kakkaɓe shi, jakarsa daban. Ana wanke shi a ruwa mai zafi ƙwarai. A Ingila ƙa'idarsu digiri 71 na aƙalla minti 3, ko digiri 65 na minti 10. Rigar aiki kuma ba ta fita da kai gida. Da na zo hutu na ga wata ƙawata ta hau kabu-kabu da farar rigarta, ta biya kasuwar Dole ta yi cefane, ta isa gida ta ɗauki ɗanta da ita. Ban zarge ta ba, riga biyu gare ta, ba wurin sauya kaya a wajen aikin. Amma abin ya tsaya mini a rai.

Sai dai zan ɗan goyi bayan ƙanena ɗalibi a kan labule. Zane ana cirewa bayan kowace mace, labule kuwa sai ya yi watanni a rataye, kowa yana jan sa da hannu. In akwai inda yadi mai magani zai iya amfani, can ne.

Hajiya sajfam: Ƴata, labule biyu ne kacal a ɗakin nan, kuma atamfa ce wata baiwar Allah ta bayar. In muna da ruwa da na canji, duk Juma'a a sauke a wanke. Ni ban ga abin da zai kai mu sayen na azurfa ba.

Infirmiya a Faransa: In za a riƙa saukewa duk Juma'a, Hajiya, na yarda. Tsorona wata na uku, in zumuɗi ya kwanta.

Ɗan mai wanki: Salamu alaikum. Innata ce ke wankin zannuwa a wani ƙaramin asibiti, ba ta rubutu, na karanta mata abin da kuke faɗa, ta ce in rubuta mata wannan yadda ta faɗa.

Ta ce: ku gaida Malam Sakatare, ku ce Allah ya saka. Ku ce masa ita da hannu take wanki, a baho biyu, a bayan ɗaki ƙarƙashin dogon yaro. Zanen da ya sha jini sai ta fara ɗauraye shi da ruwan sanyi, don ruwan zafi kama jini yake yi. Sannan omo, sannan ta jiƙa a jabel, sannan ta shanya. Ranar da ba ruwa, bido biyu ake ba ta na wankin zane goma, ruwan ɗauraya na farko shi ne na ƙarshe. Safar hannunta ta yage tun kafin babbar salla, yatsunta duk sun tsattsage, jabel na shiga tana jin sa har ƙwaƙwalwa. Igiyar shanya ɗaya ce, in ta cika sai ta baza saura a kan katanga, awakin maƙwabta suna bi ta wajen. Ta ce ita ba ta san azurfa a zane ba, amma in sabon zanen ba ya son jabel, kada a kawo mata shi, don ba ta da wata hanyar fitar da jinin haihuwa.

Mai labo: Inna ta taɓo abin da mu masu karatu muka tsallake. Jabel da azurfa ba sa shiri. Kulorin yana haɗuwa da azurfar ya ɓata ta, shi ya sa masu yin irin yadin nan da yawa suke rubuta kada a sa masa jabel. Ka ga kenan, ko Inna ta bar jabel don ta tsare maganin zane, ko ta sa jabel ta kashe abin da aka biya kuɗi sau uku dominsa. Sakatare, duba takardar da ke jikin samfurin, me aka ce game da wanki?

Sakataren ƙungiya: Na duba yanzu. Akwai alamar kusurwa uku da aka soke da gicciye. An kuma rubuta wanki 50.

Mai labo: Wannan alamar ita ce kada a sa jabel. Wanki 50 kuwa, in ana wanke zane sau biyu a mako, kafin wata 6 ya cika ka dawo da zane na yau da kullum. Ɗakin haihuwa kuma ya fi sau biyu a mako.

Telan Birni: Ni ba likita ba ne, amma yadi sana'ata ce tun ina yaro. Sakatare ya nuna mini samfurin da rana. Na ja zare ɗaya na kusanta shi da ashana, ya narke ya dunƙule, bai zama toka ba. Roba ta fi yawa a ciki. Ku tuna watan Afrilu da Mayu a garin nan, zafi ya haura digiri 40, ga ɗauke kuran. Mai jego a kan wannan yadin jiƙewa za ta yi sharkaf, kuma na san matanmu, cire shi za su yi su shimfiɗa zanensu na gida. Da kuɗin zane ɗaya na wannan zan yanka muku uku na farar auduga mai kauri, in kalmashe baki, in ɗinka lambar gado a kusurwa don kada su ɓace. Ledar katifa kuwa a kawo irin ta kujerar mota, in yi ɗinkin ta ƙasa yadda ruwa ba zai bi ta ramin allura ba. Kuɗin ɗinki na bar wa Allah.

Baba Majo: Allah ya yi maka albarka Malam tela.

Malamin makaranta: Ina da tambaya, ku yi mini uzuri in ta fita daga hanya. A majemar garin nan da bagaruwa ake jeme fata, fata ta daina ruɓa. Iyayenmu mata da ruwan bagaruwa da ganyen dogon yaro suke wa mai jego wanka. Ba za a iya jiƙa zane a ruwan bagaruwa ya zama namu yadin mai magani ba? Kullum sai mun jira na waje?

Ɗalibin likita: Malam, tambayar tana da tushe. Abin da ke jeme fata a bagaruwa yana hana ƙwayoyin cuta girma in an gwada a labo. Amma zai rina zanen ya yi ja-ja, kuma farin zane yana da amfaninsa, da ido ake ganin tabo a san bai wanku ba. Sannan ba wanda zai iya ce maka ga adadin da ya isa, ga wankin da zai jure. Aiki ne da ya kamata ɗaliban jami'ar André Salifou su ɗauka su gwada yadda ya dace, ni kaina ina sha'awarsa. Amma ba a kan mai ɗinki ɗanye za a fara ba.

Mai labo: Akwai kuma abin da ke damuna da duk wani magani da ake barbaɗawa ko'ina kaɗan-kaɗan. Ku duba gidan sauro mai magani. Ya ceci yara ba adadi, ba mai musun wannan, amma yau sauro a wurare da yawa na Afirka ya saba da maganin, har sai da aka fara ƙera gidan sauro mai magani biyu. Ƙwayar cuta ta fi sauro saurin sabo. An riga an samu masu jure wa azurfa a ɗakunan masu ƙuna. Kuma ƙididdigar da aka fitar ta shekarar 2019 ta nuna mutum miliyan 1,27 ne suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da ba sa jin magani, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowa yawan mutuwar in an kwatanta da yawan jama'a. Ina ganin haka a faranti a wajen aiki, ka jera magani shida ƙwaya ta tsallake biyar. Azurfar nan gara a bar ta inda ake matuƙar buƙatarta, a kan ƙuna da gyambon da ya ƙi warkewa.

Hajiya sajfam: A gaya wa Inna mai wanki awon jabel, don na lura da yawa muna zubawa da ka, shi ke cin hannu yana cin zane. Na jiƙa zane 0,05% ne, minti 30, bayan an wanke da sabulu. In garin kulorin ne irin na HTH, cokalin cin abinci ɗaya a shafe, a ruwa lita 20. In jabel na ruwa ne mai 2,6%, awo ɗaya a awo 50 na ruwa. Mai ƙarfin nan na 0,5% na goge jinin da ya zuba a ƙasa ko a kan leda ne, ba na zane ba. A haɗa sabo kowace safiya, a rufe, kada a bar shi a rana. Kuma kada a taɓa haɗa jabel da wani ruwan wanke bayi, hayaƙinsa yana shaƙe mutum.

Ɗan mai wanki: Na karanta mata Hajiya. Ta ce ashe kusan ninki huɗu take zubawa. Ta ce a rubuta mata a kwali da zanen cokali da bido ta manna a bango.

Sakataren ƙungiya: Na yi shiru ne ina karantawa, na kuma kira ƙanwata na karanta mata maganar Inna. Ta ce ta tuna a kwanakin nan nata, mijinta ne ke kawo bido biyu da asuba, ɗaya nata ɗaya na maƙwabciyar gadonta da ba ta da kowa. Ni duk hankalina yana kan zanen da na gani, ban taɓa tambayar da wane ruwa aka wanke shi ba.

Ga abin da zan kai wa kwamiti ranar Lahadi in kun amince. Tankin ruwa da za a cika duk lokacin da famfo ya kawo, da bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofar ɗakin da kusa da gadon haihuwa. Ledar katifu 8. Zane uku-uku na auduga ga kowane gado. Doguwar safar roba, takalmin ruwa, baho na uku da igiyoyin shanya ga mai wankin ɗakin. Zan mayar wa ɗan kasuwan samfurinsa da godiya, shi ma abin da aka gaya masa ya faɗa.

Infirmiya a Faransa: Yaya, a ƙara riguna biyu-biyu ga sajfam da masu taimaka mata, da ƙusa a bango inda za su rataye in sun tashi aiki. Wannan ni zan biya. Maganar labule kuma ban janye ba, in aka ga wankin Juma'a ya gagara zan sake tayar da ita.

Baba Majo: Katifar da sosanta ya riga ya sha jini kada a rufe ta da sabuwar leda, a fitar da ita a ƙone. Ku ƙirga nawa ne suka lalace kafin ku yanke kuɗin tanki. Kuma ku fara zama da majon asibitin, wato shugaban ma'aikatan jinya, kada ya ga kaya kawai sun sauka, shi zai san wanda zai riƙe makullin tankin.

Telan Birni: Gobe bayan la'asar zan zo da tef in auna katifun. Sakatare, ka sanar da su don kada in tarar da mace a kan gado.

Sakataren ƙungiya: Zan kira majon da safe in sha Allah. Hajiya, ke ma in kin samu sarari ki zo, ke za ki nuna mana waɗanda za a ƙone.

Hajiya sajfam: Ina da aikin dare, amma zan biyo kafin in wuce.